Gasar Ginin Kadarko a Makarantu

Sau da yawa in muka tambayi yaran makaranta aikin da su ke so su yi in sun gama karatu, sai wannan ya ce likita, wancan ya ce alƙali ko ma'aikacin ofis. Da wuya a sami mai cewa injiniya. Ba kuwa rashin basira ya kawo haka ba, gama yaron nan da ke gyangyaɗi a aji lokacin lissafi, shi ne da la'asar za a tarar ya fere karan dawa ya harhaɗa mota, har da ƙafafu da sitiyari. Abin da ya rasa shi ne wanda zai nuna masa cewa motar karan nan da lissafin nan uwarsu ɗaya. To, tun da ya ke yawancinmu aikin koyarwa mu ke shirin kamawa, ya kamata mu san wata dabara da makarantun waɗansu ƙasashe ke yi don jawo hankalin yara ga wannan sana'a, watau gasar ginin kadarko.

Ga yadda a ke yinta. A kan raba ɗalibai ƙungiya ƙungiya, a ba kowace kayan aiki iri ɗaya, a faɗa musu faɗin ramin da kadarkon zai ƙetare, da nauyin da ba a yarda ya wuce ba. In ranar ta zo sai a ɗora kowane kadarko bisa tebur biyu, a rataya masa kaya a tsakiya, a yi ta ƙarawa har ya karye. Wanda ya ɗauki kaya mafi nauyi kafin ya karye shi ya ci.

Wata kwaleji a ƙasar Kanada, ana ce da ita Okanagan, ta fara irin wannan gasa a 1983, kayan gininsu kuwa busasshiyar taliya ce da gam. Ƙa'idarsu ita ce kadarkon ya ƙetare ramin mita 1, nauyinsa kuma kada ya wuce kilo 1. A 2009 waɗansu ɗalibai biyu daga ƙasar Hangare suka kawo nasu, bai karye ba sai da ya ɗauki fiye da kilo 440, watau kusan buhun siminti tara. Taliyar nan kuwa ita ce wadda ƙaramin yaro ke ɓallewa da yatsu biyu.

To, ina wannan ƙarfi ya fito? Amsar ita ce ainihin abin da gasar ke koyarwa. In muka ɗora katako bisa duwatsu biyu muka tsaya a tsakiyarsa, samansa matsewa ya ke yi, ƙasansa kuwa ja ya ke sha. Kowa na iya gwadawa da kara: in an lanƙwasa shi, bayan gwiwar ne ke fara tsagewa. Silin taliya yana da jimirin ja, amma in an danna shi ta tsawonsa sai ya tanƙware ya ɓalle, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon saurin ɓallewarsa. Saboda haka mai wayo ya kan sa siraran silla inda za a sha ja, inda kuwa za a sha matsi ya sa guntaye masu kauri, ko ya ɗaure da yawa wuri ɗaya.

Abu na biyu shi ne siffa. In an haɗa sanduna huɗu aka ɗaure kusurwoyinsu, da an tura sai su karkace. In kuwa uku ne, ba su motsi sai ɗaya ta karye. Shi ya sa duk wanda ya dubi kadarkon ƙarfe na jirgin ƙasa, kamar na Makurɗi bisa kogin Binuwai wanda aka buɗe a 1932, zai ga ƙarafan a jere kusurwa uku uku. Maginanmu na gargajiya ma sun san waɗannan al'amura, ko da ya ke ba su rubuta su da alƙaluma ba. Sun san iyakar ɗakin da azara za ta ƙetare ba ta lotsa ba, in ɗakin ya fi haka faɗi sai su ɗaura baka. Da wannan sani ne Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu.

Wani zai ce ai ɓarna ce yara su yi kwana da kwanaki suna gini, sa'an nan a karya shi cikin ɗan lokaci. Mu kuwa muna ganin karyewar ita ce babban darasi, gama a nan yaro zai ga da idonsa inda lissafinsa ya kasa, gani kuwa ya kori ji. Gara ya gane kuskurensa a kan tebur da ya gane shi a kan kogi. A watan Disamba na 1879 kadarkon kogin Tay a Sikotilan ya rushe cikin dare, ana iska mai ƙarfi, jirgin ƙasa na bisansa, ba wanda ya tsira daga cikin jirgin. Da aka bincika sai aka tarar ba a yi cikakken lissafin ƙarfin iska ba wajen tsara shi, aikin ƙarfen kuma akwai sakaci. Wannan shi ne nauyin amanar da ke wuyan injiniya.

Irin wannan gasa ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Karan dawa, da zare, da ƙaro, da bokiti, da yashi, da ma'auni sun isa. Malami ya sa kowace ƙungiya ta zana kadarkonta a takarda tukuna, ta rubuta nauyin da ta ke tsammani zai ɗauka. Ranar gwaji a auna kadarkon, a rataya bokiti, a riƙa zuba yashi sannu sannu har ya karye, a auna yashin da bokitin. Sa'an nan yara su raba nauyin kaya da nauyin kadarko, su ga wane ya fi kyau ga ƙarancin kayan gini. Ga awo, ga zane, ga rabawa, duk sun shigo ba da bulala ba. Kada kuma a bar 'yan mata a baya, gama aikin hankali ya ke so da haƙuri.

Bayan gasa sai malami ya faɗa wa waɗanda abin ya shiga ransu hanyar da za su bi: su riƙe lissafi da kimiyya da zane da kyau, su kuma san akwai makarantun koyon sana'a da jami'o'i, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka kafa a 1962, inda a ke koyar da aikin injiniya. Kowace damina muna jin labarin garuruwan da ruwa ya yanke wa hanya, marar lafiya ya kasa kai wa asibiti, manomi ya kasa kai wa kasuwa. Waɗanda za su gina musu kadarko suna nan zaune a azuzuwan da za a ba mu. Muna fata kowanenmu ya gwada wannan gasa ko sau ɗaya ne a makarantar da aka tura shi.