Dokar Ƙayyade Ƙara a Najeriya da Abin da Ke Hana Ta Aiki

A shekarar 2009 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idojin ƙayyade ƙara da hayaniya, ta ɗora alhakin tsare su a wuyan hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, da aka kafa a 2007. A unguwar zama zalla, ba a yarda ƙara ta wuce desibel 50 da rana ba, ko 35 da dare. Dare kuwa a wurin dokar daga ƙarfe goma ne zuwa shida na safe.

Ma'aunin desibel ba ya tafiya ɗaya bayan ɗaya: duk ƙarin maki 10 na nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma. Hirar mutum biyu takan kai kusan 60, ƙaramin janareta kuma yakan haura 70 ga wanda ke kusa da shi. Ke nan gidan da ya tayar da inji a soro bayan an ɗauke wuta ya karya doka tun kafin ya kunna fanka. Haka mai injin markaɗe a lungu, da mai maganin gargajiya da ya ɗaure lasifika a kan mota a bakin kasuwa. Galibinsu neman abinci suke, kuma rashin wutar lantarki ne ya jefa da yawansu cikin laifin. Wannan ne babban raunin dokar, domin ta hana abin da mutane ba su da madadinsa.

Wuraren ibada sun fi wuyar taɓawa. A 2016 hukumar kare muhalli ta Jihar Legas, LASEPA, ta rufe coci-coci da masallatai masu yawa saboda ƙara, amma irin wannan samame na ɗan lokaci ne. A Arewa maƙwabci ya gwammace ya haƙura da ya kai ƙarar masallaci ko gidan biki, gudun a ce ba ya son addini ko zumunci.

Jiki ne ke biyan kuɗin wannan haƙuri. Zama awa takwas kullum cikin ƙarar da ta kai desibel 85 na lalata ji sannu a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Ƙarar dare na katse barci, bincike kuma ya danganta ta da hawan jini da ciwon zuciya. Yaran da ajinsu ke bakin babban titi su ma sukan sha wahalar fahimtar karatu.