Gidan Kifaye na Kef Tawun: Shiri Kafin Shiga

Yawancin masu shiga gidan kifaye na Two Oceans, wato Tekuna Biyu, da aka buɗe a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a 1995, wurin kifin shak suke fara nufa. Su ɗauki hoto, su fito. Wannan kuwa asarar kuɗin tikiti ce, domin an tsara gidan ne a kan bambancin ruwa iri biyu, kuma sai wanda ya san haka tun daga gida zai fahimci abin da idonsa ke gani.

Ta gabashin ƙasar, igiyar Agulas ce ke gangarowa da ruwa mai ɗumi daga Tekun Indiya. Ta yamma kuwa, a Tekun Atlantika, igiyar Bengela ce mai sanyi, inda iska ke kore ruwan sama, na can ƙasa mai ɗauke da sinadaran abinci ya taso. Shi ya sa kifayen gabas suka fi ado da yawan iri, na yamma suka fi yawan garke.

Inda ya kamata mai ziyara ya fi daɗewa shi ne tankin dajin teku. Tsiron da ke ciki, dangin gansakuka ne, yana haura mita 10 a teku, amma ba shi da saiwa ta gaskiya. Dutse kawai yake kamawa, kansa mai cike da iska ya ɗago shi zuwa hasken rana. Rayar da shi a tanki aiki ne ja, sai da ruwan sanyi mai motsi kullum.

Kada a ƙwanƙwasa gilashi. Sauti na gudun kusan mita 1,500 cikin daƙiƙa a ruwa, ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu, kuma kifi na da wani layi a gefen jikinsa da ke jin girgizar ruwa. Abin da yaro ya ɗauka wasa, azaba ce gare shi.

Haka kuma a duba jadawalin ciyarwa tun kafin a tafi, musamman na tsuntsayen fengwin na Afirka. A 2024 aka sa su cikin halittun da ke dab da ƙarewa, ƙarancin kifin sadin da suke ci na daga cikin manyan dalilai. Malamin da zai kai ɗalibai ya zaɓi safiyar ranar aiki, ya kuma ware aƙalla awa biyu.