Kana da Tsofaffin Sulalla a Gida? Karanta Wannan Kafin Ka Sayi Sef

A gidaje da dama akwai wani tsohon gwangwani ko ƙunshin tsumma da kaka ta bari, cike da anini mai huda a tsakiya, da taro, da sisi, da sule da fataka. Tun daga ranar 1 ga Janairun 1973 da naira da kobo suka karɓi fagen daga fam da sule, waɗannan kuɗaɗe suka koma kayan tarihi. Yanzu matasa sun fara tara su, suna saye da sayarwa a zaurukan Facebook da WhatsApp. Wasu ma sun wuce nan, suna ajiye sulallan azurfa da na zinare.

Matsalar ita ce sulalla kaya ne da ɓarawo ke so. Ba su da nauyi, suna shiga aljihu, kuma ba su da lambar IMEI irin ta waya balle a bi sawunsu. Idan na zinare ne ko azurfa, narkarwa ɗaya ta shafe tarihinsu. Shi ya sa mutane ke komawa ga akwatin ƙarfe na ajiya, wanda aka fi sani da sef. Sai dai kafin ka zuba kuɗinka, ka riƙe wannan: sef ba ya hana sata, lokaci kawai yake ci wa ɓarawo. Aikinka shi ne ka sa lokacin ya yi tsawo, kuma ka tabbatar wayarka ba ta riga ta tona maka asiri ba.

Darasi daga Jamus

A watan Maris na 2017, ɓarayi sun shiga gidan tarihi na Bode da ke Berlin ta taga, suka ɗauke wani ƙaton sulen zinare mai nauyin kilo 100 da aka buga a Kanada. Da baro suka tura shi. Har yau ba a gan shi ba, kuma cikin waɗanda kotu ta ɗaure akwai wani mai gadin wurin.

A watan Nuwamba na 2022 kuma, a garin Manching da ke jihar Bavaria, an sace tsofaffin sulallan zinare 483 cikin minti tara. Kafin ɓarayin su shiga, sai da suka datse wayoyin sadarwa na yankin, don haka ƙararrawar gidan tarihin ba ta iya kai saƙo ga kowa ba. Da aka kama waɗanda ake zargi a 2023, an tarar an riga an narkar da wani ɓangare na zinaren.

Abu uku ke nan: nauyi kaɗai ba kariya ba ne, labari daga na ciki yake fita, kuma na'urar tsaron da ta dogara kacokan ga layin sadarwa tana mutuwa da zarar an yanke layin.

Ba kowane akwatin ƙarfe ba ne sef

Ƙananan akwatuna masu madannan lambobi, irin na ɗakunan otel, su suka fi yawa a kasuwa saboda sauƙin kuɗinsu. A cikin da yawa daga cikinsu, wata 'yar sandar ƙarfe ce mai sifirin ke tare makullin. An sha nunawa a bidiyo cewa bugu mai ƙarfi ko babban maganaɗisu na iya janye ta. Irin wannan akwati zai hana yaro taɓa kayanka, amma ba zai tsayar da wanda ya zo da shiri ba.

Abin dubawa shi ne shaidar gwaji da ke manne a jikin ƙofar. A tsarin kamfanin gwaji na UL da ke Amurka, alamar RSC na nufin akwatin ya jure minti biyar ana farmakarsa da kayan aikin hannu. TL-15 da TL-30 kuma na nufin minti 15 da minti 30 a hannun ƙwararru masu manyan kayan aiki. A Turai akwai EN 14450 mai matakan S1 da S2 don ƙananan akwatunan gida, sai EN 1143-1 don manya. Minti biyar kamar ba komai ba ne, amma ga ɓarawon da ke tsoron maƙwabta su ji ƙara, doguwar tafiya ce.

Kada kuma ka haɗa jure gobara da jure fashi. Akwatin da aka rubuta masa aji 350 na awa ɗaya, alƙawarinsa shi ne zafin cikinsa ba zai wuce digiri 177 a ma'aunin Selshiyos ba. Bai ce komai a kan guduma ba.

Sef ɗin da za a iya ɗauka, jaka ce kawai

Ɓarawo ba ya zama a ɗakinka yana kokawa da makulli idan zai iya rungumar akwatin ya fice. Ko a tsarin UL, sef mai matakin TL-15 da bai kai kimanin kilo 340 ba, dole ya zo da hanyar kafe shi. Don haka ka ɗaure naka da manyan kusoshi a daɓen siminti ko ginshiƙin kankare. Bulo mai rami a ciki ba ya riƙe kusa da kyau. Ka ajiye shi a lungu yadda bango zai tare gefen da ƙofar ke buɗewa, don kada ƙarfen ɓalla ya samu wurin shiga. Ka guji ɗakin maigida da cikin wadirob, domin nan ake fara dubawa. Idan kana haya, ka nemi izinin mai gida kafin huda, amma ba sai ka faɗa masa abin da za ka zuba ba.

Lambobi, zanen yatsa ko Bluetooth?

Mu masu rubuta manhaja mun san cewa kowace sabuwar hanyar shiga da ka ƙara wa na'ura, ƙofa ce ka buɗe wa wani. A ƙarshen 2017, masu bincike na Two Six Labs sun nuna yadda za a buɗe wani sef na Vaultek ta Bluetooth ba tare da sanin lambar sirri ba. A 2018, Pen Test Partners sun gano cewa kwaɗon zamani na Tapplock yana ƙirƙiro mabuɗinsa ne daga adireshin Bluetooth ɗin da shi da kansa yake shelantawa ga duk wayar da ke kusa.

Sulalla ba kaya ba ne da kake buƙatar ɗaukowa cikin gaggawa, don haka ba ka da bukatar sef mai magana da waya. Makulli mai juyawa ko madannan lambobi masu inganci sun wadatar. Idan na lambobi ka saya, ka canza lambar da ya zo da ita daga kamfani tun ranar farko, kuma ban da shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar wayarka. Ka riƙa goge madannan, saboda maiƙon yatsa na nuna waɗanda aka fi taɓawa. Ka sauya batir duk shekara kafin ya tsiyaye. Mabuɗin gaggawa kuwa, kada ya kwana a ɗaki ɗaya da akwatin.

Wayarka ce babbar kafa

Bango da ya tsage shi ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a yau tana cikin aljihunka. Hoton da ka ɗauka na iya ɗauke da bayanan GPS na inda ka tsaya. WhatsApp na goge su idan ka tura shi a matsayin hoto, amma idan ka tura shi a matsayin fayil, da su yake tafiya. Ka kashe wa kyamararka izinin sanin wuri kafin ka ɗauki sulalla, ka ɗora su a kan farar takarda yadda labule ko tayil ɗin ɗakinka ba zai fito ba. Kada ka sa su a sitatus, kada kuma ka kawo mai saye gida. Ku haɗu a wurin jama'a.

Amma wayar nan ita ce kuma babbar mataimakiyarka. Ka ɗauki hoton kowane sule gaba da baya, ka rubuta shekararsa, nauyinsa da duk wani tabo da ke jikinsa. Ƙaramin sikelin dijital zai yi maka wannan aiki. Misali, dalar azurfa ta Maria Theresa mai ɗauke da shekarar 1780, wadda aka daɗe ana ciniki da ita a ƙasar Hausa, nauyinta kusan giram 28 ne. Ka adana jerin a ma'ajiyar intanet mai tabbatarwa mataki biyu. Ranar da aka yi rashin sa'a, wannan ce hujjarka a gaban 'yan sanda.

Idan za ka sa kyamara ko na'urar da ke jin buɗewar ƙofa, tuna da Manching. Zaɓi mai batir da katin memori, wadda za ta ci gaba da aiki ko an ɗauke wuta ko data ta ƙare, ka haɗa ta da jiniya mai ƙara a cikin gidan.

Ɓarawon da ba ya fasa ƙofa

Laima ma ɓarna take yi, musamman da damina. Akwatunan da ke jure gobara sukan riƙe danshi a bangonsu, kuma danshi na sa tagulla ta yi kore. Ka jefa 'yan ƙunshin silika irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, ka riƙa sauya su. Ka raba kowane sule da ɗan'uwansa, ka guji ledar PVC mai laushi, ka riƙe su ta gefe. Kada ka wanke su da toka ko lemun tsami don su yi ƙyalli. A wurin masu tarawa, sulen da aka goge ya rage daraja.

A ƙarshe, ka sanar da mutum ɗaya amintacce inda jerin yake da yadda ake buɗe akwatin, ko ka rubuta a wasiyya. Kaka ta riƙe waɗannan kuɗaɗe shekara hamsin a gwangwani, kuma babban abin da ya tsare mata su shi ne ba kowa ya san suna nan ba.