Jami'ar da ke Dundaye



A Amurka, inda aka daɗe ana tsare wa baƙar fata ƙofofin ilmi, sai da aka yi doka a 1890 wadda ta sa jihohin kudu suka ware musu jami'o'i nasu na gwamnati. Mu a ƙasar Sakkwato lamarin ya sha bamban, domin ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar da Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello suka cika da talifai. Abin da ya tsare mu shi ne nisa, da kuma zargin da iyaye suke yi wa boko, har ya zama ko bayan buɗe jami'ar Zariya a 1962, ɗan Kalmalo, da ke kusa da Illela, da ya isa can abin nuni ne.

A 1975 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Sakkwato, ta ɗora Farfesa Shehu Galadanci, masanin Larabci, a kan shugabancinta, kuma a ganina hikima ce babba, gama malaman zaure sun fi sakin jiki da wanda suka san ya sha nahawu da balaga. An fara tadrisi a 1977 da ɗalibai 93 kacal, aka yaye na farko a 1980. Farfesa Mahdi Adamu, masanin tarihi, shi ya gaji Galadanci. A 1988 kuwa aka sauya wa jami'ar suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, takenta kuma kalma guda ce, Iƙra'.

Mazauninta na dindindin yana Dundaye, gulbin Rima ya shiga tsakaninta da birni. Da ambaliyar damina ta 2010 ta cinye gadar da ta haɗa su, malami da ɗalibi da mai shara duk sai da suka koma shiga kwalekwale, kowa ya naɗe ƙafar wando, ya rungume takardunsa a ƙirji, ana jiran masunta su yi fito, alhali gine-ginen jami'a ga su can ana hange.

Yau ɗan Kalmalo yakan yi sallar asuba a gida, ya bi ta Gwadabawa da Kware, ya iske darasin hantsi, ko kuma ya kai majinyacinsa asibitin koyarwa na jami'ar a cikin birni.