BABI NA UKU: GUNDUMAR MAKARANTU TA EDGEWOOD A JIHAR TEKSAS

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi wata ƙaramar gundumar makarantu ta Amurka, wato Edgewood, wadda take yammacin birnin San Antonio a Jihar Teksas. An zaɓe ta ne saboda shari'o'i biyu da suka taso daga cikinta sun bar alƙaluma a rubuce, waɗanda ke nuna dangantakar da ke tsakanin arzikin jama'a da kuɗin makaranta da kuma ƙwazon ɗalibai.

3.1 Ma'anar Gundumar Makarantu

Gundumar makarantu yanki ne da aka shata, wanda mazauna cikinsa suke zaɓen hukumar da za ta kula da makarantun gwamnati na wurin. Ta yi kama da Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukuma a Nijeriya, sai dai ita a Teksas tana da ikon aza haraji a kan filaye da gidaje da shaguna da masana'antun da ke yankinta. Kuɗinta daga kafofi uku suke fitowa: wannan haraji, da kason gwamnatin jiha, da tallafin gwamnatin tarayya.

3.2 Jama'ar Gundumar

Bisa bayanan da aka gabatar wa kotu, a wajajen 1968 Edgewood tana da makarantu 25 da ɗalibai kimanin 22,000. Kashi 90 cikin ɗari Amurkawa ne 'yan asalin Meziko, fiye da kashi 6 kuma baƙaƙen fata. Unguwa ce ta gidajen zama, ba masana'antu ko manyan wuraren kasuwanci sosai, kuma matsakaicin abin da iyali ke samu a shekara dala 4,686 ne. A birni guda akwai gundumar Alamo Heights mai makarantu 6 da ɗalibai kimanin 5,000. A can kashi 18 ne kawai 'yan asalin Meziko, iyali kuma na samun dala 8,001. Zuwa shekarun 2020 ɗaliban Edgewood sun ragu zuwa ƙasa da 10,000.

3.3 Hanyoyin Samun Kuɗi

A wajajen 1968, idan aka raba darajar kadarorin Edgewood ga ɗalibanta, kowane ɗalibi zai tashi da dala 5,960. A Alamo Heights kuwa abin ya haura dala 49,000, wato fiye da ninki takwas. A shekarar karatu ta 1967/68 mutanen Edgewood sun biya dala 1.05 a kan kowace dala 100 ta kadara, wanda shi ne haraji mafi tsanani a duk yankin birnin, amma abin da ya rage wa ɗalibi bayan gundumar ta biya kasonta a asusun jiha dala 26 ne kacal. Mutanen Alamo Heights sun biya santi 85 kawai, sai ga shi sun samar wa ɗalibi dala 333.

Kason jiha bai cike wannan giɓi ba, domin Edgewood ta sami dala 222, Alamo Heights kuma 225. Tallafin tarayya ne ya ɗan rage tazarar, inda ta farko ta sami dala 108, ta biyu 36. Jimilla ke nan an kashe wa ɗalibin Edgewood dala 356, na Alamo Heights 594. Ashe ke nan ba rowar iyaye ce ta jawo bambancin ba. Talakawan sun fi matsa wa kansu, abin da za a tatsa ne babu.

3.4 Ƙwazon Ɗalibai

Inda ƙarancin kuɗi ya fi bayyana shi ne wajen malamai. A 1968/69 duk malaman Alamo Heights suna da digiri, a Edgewood kuwa kashi 80 ne. Haka kuma kimanin kashi 47 na malaman Edgewood da takardar izini ta wucin gadi suke koyarwa, a can kuwa kashi 11. A watan Mayu na 1968 ɗaliban babbar sakandaren Edgewood sun ƙaurace wa azuzuwa saboda rashin kayan aiki da ƙwararrun malamai.

Masana sun daɗe suna saɓani a kan ko kuɗi na ƙara ƙwazo. Rahoton Coleman na 1966 ya nuna cewa gidan da yaro ya fito ya fi kayan makaranta tasiri. Amma binciken Jackson da Johnson da Persico na 2016 ya gano cewa ƙarin kashi 10 na kuɗin da ake kashe wa ɗalibi, in ya ɗore shekara 12, yana sa ya ƙara nisa a karatu, albashinsa kuma ya ƙaru da kimanin kashi 7 idan ya girma. Tasirin ya fi ƙarfi ga 'ya'yan talakawa.

3.5 Shari'o'in da Suka Biyo Baya

A 1968 Demetrio Rodriguez da wasu iyaye suka kai ƙara. Sun yi nasara a ƙaramar kotun tarayya a 1971, amma a 1973 Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke hukuncin da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, bisa hujjar cewa tsarin mulkin tarayya bai sanya ilimi cikin haƙƙoƙi na asali ba. Sai aka koma kotunan jiha a 1984. A 1989 Kotun Ƙoli ta Teksas ta yanke baki ɗaya cewa tsarin ya saɓa wa tsarin mulkin jihar. Wannan ne ya haifar da dokar 1993, wadda ta tilasta wa gundumomi masu arziki su bayar da wani ɓangare na harajinsu domin a tallafa wa marasa ƙarfi.

Duk da haka, kuɗi kaɗai ba su isa ba. A 2016 hukumar ilimi ta jihar ta naɗa kwamitin riƙo a Edgewood, bayan rikici ya hana zaɓaɓɓiyar hukumarta gudanar da aiki.

3.6 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa idan aka ɗora nauyin makaranta a kan dukiyar unguwa, to unguwar da yaro ya tashi ita ke yanke irin malamin da zai koyar da shi. Haka nan gyaran rabon kuɗi yana buƙatar shugabanci nagari kafin amfaninsa ya isa aji. A babi na gaba za a dubi yadda ake auna ƙwazon ɗalibai a irin waɗannan gundumomi.