Hanya Da Aji: Ina Kuɗin Aiki Ke Tsayawa Tsakanin Abuja Da Birnin Tsaba?

Duk wanda ya tashi daga Gusau zai nufi arewacin Jihar Zamfara, sai ya bi ta Ƙaura Namoda. A nan ne hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe zuwa Shinkafi, ta wuce Isa da Sabon Birni a Jihar Sakkwato. Ɗayar kuwa ta bi ta Zurmi da Gurbin Ɓaure har ta faɗa Jibiya a Jihar Katsina. Waɗannan hanyoyi biyu su ne jijiyar yankin, amma yawancin jama'a ba a bakinsu suke zaune ba. Mutanen Birnin Tsaba a ƙasar Zurmi, da na ƙauyuka masu yawa da ke tsakanin kogin Gagare da na Bunsuru, abin da ya fi damunsu shi ne 'yar hanyar da za ta fitar da su zuwa kwalta, da kuma ajin da yaransu za su zauna a ciki. Abin tambaya a nan, 'yan'uwa masu karatu, shi ne: me ya sa waɗannan ƙananan ayyuka biyu, waɗanda suka fi kowane aiki araha, su ne suka fi wuyar samuwa?

Ba yau gwamnati ta fara kashe kuɗin sufuri a wannan yanki ba. A shekarar 1929 ne layin dogo da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙaura Namoda, tafiyar fiye da kilomita 200. Turawan mulki ba don ƙaunar matafiya suka shimfiɗa shi ba, sai don kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku. Duk da haka jirgin ya raya garin, ya jawo 'yan kasuwa da ma'aikata daga kudu da arewa, kuma iyayen wasu daga cikinmu ta wannan hanya suka zo. Yau an yi shekaru rabon da a ga jirgin fasinja yana zuwa Ƙaura a kai a kai. Buhun gero da na wake duk sun koma bayan mota, nauyin da ƙarfe ke ɗauka dā ya koma kan kwalta, kwaltar kuwa ba ta daɗewa.

Kafin a zargi kowa, ya kamata a san mai hanya. Hanyoyin Nijeriya kashi uku ne: na Gwamnatin Tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma. Manyan da ke haɗa jiha da jiha na Tarayya ne, kuma tun 2002 akwai hukumar FERMA da aka kafa domin yi musu faci. Hanyar ƙauye kuwa, watau burjin da amalanke da babur da motar kasuwa ke bi, bisa tsarin mulki na 1999 tana wuyan ƙaramar hukuma. Haka nan tsarin mulkin ya sa hannun ƙaramar hukuma cikin kula da makarantun firamare. To, ga inda gizo ke saƙa. A rabon kuɗin da ake yi kowane wata a Abuja, Gwamnatin Tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuwa su raba kashi 20.60. Wannan kason ma shekara da shekaru ba ya zuwa hannunsu kai tsaye, sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. In an cire albashin malaman firamare da na ma'aikata, abin da ya rage sau da yawa ba ya gina kwalbati biyu masu kyau. Watau an ɗora wa mafi ƙarancin ƙarfi kayan da ya fi kusa da talaka.

Gwamnatocin soja sun ga wannan giɓi, sai suka riƙa kafa hukumomi na musamman domin su tsallake shi. A 1986 Janar Babangida ya kafa DFRRI domin hanyoyin karkara da rijiyoyi. An yi burji da yawa a faɗin ƙasa, amma ba a ajiye kuɗin gyara ba, damina biyu ko uku ta cinye mafi yawansu. Sa'an nan a 1994 gwamnatin Janar Abacha ta kafa asusun rarar man fetur, PTF, wanda Janar Buhari ya shugabanta, ya gyara hanyoyi da makarantu da asibitoci har aka rushe shi a 1999. A tsakiyar wannan zamani ne aka yanke Zamfara daga Jihar Sakkwato, ran 1 ga Oktoba 1996. Abin da ya haɗa hukumomin nan shi ne, kowacce ta zo da sabon aiki, ba wadda ta bar mai kula da shi bayan ta tafi.

Batun ginin makaranta ya fi na hanya tsari a takarda, domin haka bari mu ɗan daɗe a kansa. A watan Satumba 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya na UBE a Sakkwato, nan kusa da mu. Dokar shirin ta fito a 2004. Ta ce karatun shekara 9 na farko, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Ta kuma ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na babban asusun Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC. Babban kaso na wannan kuɗi na gina azuzuwa ne da sayen benci da makamantansu. Amma akwai sharaɗi: jiha ba za ta taɓa Naira ɗaya ba sai ta ajiye tata Nairar a gefe, ta kuma kai tsarin ayyukan da za ta yi ta hannun hukumar ilimin firamare ta jiha. In jiha ba ta kawo nata rabin ba, kuɗin sai ya kwanta a Abuja. Hukumar UBEC ta sha yin kuka a bainar jama'a cewa biliyoyin Naira na kwance haka nan, jihohi da dama ba su zo sun ɗauka ba.

Ni a ganina sharaɗin ba laifi ba ne, gama wanda ya sa kuɗinsa cikin gini ya fi tsayawa a kansa. Laifin yana wajen wanda hukuncin ke faɗawa a kansa. In gwamnati ta yi jinkirin biyan kasonta, ba kwamishina ne zai zauna a ƙasa ba, yaro ɗan aji uku ne wanda iskar farkon damina ta yaye kwanon ajinsu. Har wa yau kuɗin nan na gini ne, ba ya biyan albashin malami. Shi ya sa za ka iya ganin sabon gini mai aji uku, an shafa fenti, an kafa allon kwangila a gaba, amma malami ɗaya ne ke zagaya su duka.

A nan ne hanya da aji suke haɗuwa, abin da masu rubuta kasafin kuɗi ba su cika lura da shi ba, domin ma'aikatar ayyuka daban, ta ilimi daban. Ɗan kwangila yana lissafin kuɗin kai siminti da kwano da katako. In tifa ba ta iya shiga gari, ko dai ya ƙara farashi, ko ya rage siminti a bulo, ko ya karɓi kuɗin somin aiki ya yi tushe ya ɓace. Injiniyan da zai duba aikin kafin a biya, shi ma in hanya ta gagara, a ofis zai sa hannu. Malamar da aka tura ƙauye, in ta ga sai ta tuɓe takalmi ta ratsa rafi kowace safiya daga Yuli zuwa Satumba, za ta nemi canji zuwa Ƙaura ko Gusau, kuma ba wanda zai ga laifinta. Mu da muka saba tara gudummawa mu yi gini da hannunmu, mun san bulo nawa buhun siminti ɗaya ya kamata ya fitar, mun kuma san yadda bulon da aka cuce shi yake marmashewa a hannu.

Sai kuma rashin tsaro ya zo ya ƙara wa Barno dawaki. Ran 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A farkon Satumba na wannan shekara aka sake ɗaukar ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantun jihar, aka kuma katse layukan waya. A daidai lokacin gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure ga masu motoci. Zurmi da Shinkafi na cikin wuraren da suka fi shan wannan wuya. Ba ɗan kwangilar da zai kai katafila inda za a ƙone ta ko a sace direbanta, saboda haka aikin da aka rubuta wa ƙauye sai ya koma cikin gari inda ake da sojoji. Amma kuma rashin hanyar ne ke sa jami'an tsaro su kasa isa ƙauyen da wuri in an kai hari. Kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa.

Ba za a ce ba abin da ya motsa ba. Bayan cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin da jihohi da ƙananan hukumomi ke samu daga Abuja ya ƙaru sosai a lissafin Naira, ko da yake farashin siminti da na man dizal su ma sun yi sama. A ƙarshen 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Zamfara, aka shiga gyaran makarantu. Ran 11 ga Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Hukunci a takarda abu ɗaya ne, ganinsa a asusun Zurmi ko na Shinkafi wani abu ne dabam, kuma wannan ne ya kamata jama'a su riƙa tambayar kansilansu da shugaban ƙaramar hukuma a kai.

Tambayar ba ta bukatar digiri. Kowace makarantar gwamnati ya kamata ta kasance da kwamitin kula da makaranta, inda iyaye da mai unguwa da mata da hedimasta ke zama tare, kuma ƙofarsa a buɗe take ga duk mai yaro a makarantar. Kwamitin na da ikon ya tambaya: aji nawa aka rubuta, na wace shekara ne kuɗin, wa aka ba aikin, yaushe zai gama? Allon da ake kafawa a bakin aiki yakan nuna hukumar da ta bayar da shi da sunan kamfanin. A rubuta su a ajiye tun ranar da aka kafa shi, gama allon yakan riga ginin faɗuwa.

Akwai wani babban aiki da ya kamata mutanen wannan yanki su sa wa ido. A Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil a kan kuɗi kusan Dala biliyan 2. Layin ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, bai shigo Zamfara ba. Amma Jibiya ita ce ƙarshen hanyar da ta taso daga Ƙaura ta ratsa Zurmi. Manomin Birnin Tsaba zai ci moriyar wannan jirgi ne kawai in buhunsa ya iya fita daga gona zuwa kwalta, kwaltar kuma ta kai shi Jibiya lafiya. Kwalbatin da zai fitar da buhun nan kuwa ba ya cikin kwangilar Dala biliyan 2. Yana cikin kasafin ƙaramar hukumar Zurmi, kuma in ba a zuba shi tsakanin Nuwamba da Mayu ba, sai wata shekara.