Filin Manoma: Yadda Ake Gane Ɗaukewar Ruwa Da Shigowar Hunturu

Ga watan Oktoba ya kama, manoman Ketare da na sauran ƙasar Kankara, Faskari da Sabuwa hankalinsu yana kan abu guda, watau ko saura ruwa nawa a sama. Mai gyaɗa yana son yayyafi ɗaya don ƙasa ta yi taushin cira. Mai auduga da mai wake kuwa ba su son ko ɗigo, gama ruwan baya yana ɓata farin kaɗa, ya rage mata daraja a kasuwar Funtuwa, ya kuma ruɓar da wake a cikin kwanso.

Asalin al'amarin iska ce iri biyu. Ɗaya tana tasowa daga teku, kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ɗaya kuma daga Hamada take, arewa maso gabas, busasshiya ƙayau. Inda suka haɗu, kudu da nan ake samun hadari. Da kaka sai mahaɗar nan ta riƙa ja da baya zuwa kudu. Shi ya sa ruwa kan ɗauke a Katsina kafin Kankara, a Kankara kafin Sabuwa. Saboda haka in an ji a rediyo ana sheƙa ruwa a Ikko, kada manomin Ketare ya sa rai. Ruwan bakin teku ne, ya riga ya wuce shi.

Dattawa suna da alamunsu, kuma ba abin rainawa ba ne. Shamuwa ta kan tashi ta bar gari. Gawo, wanda ya yi damina tsirara, ya kan fara sabon ganye. Raɓa ta yi yawa da asuba, hadarin ƙarshe kuma ya zo da iska mai ƙarfi da tsawa, amma ruwa kaɗan. Irinsa ne ke kwantar da dawa. Malamai kuwa da taurari su ke lissafi, guda 28 a shekara, kowanne kwana 13 in ban da Jabaha mai 14.  Amma lissafin nan yana faɗin abin da aka saba gani ne kurum. A shekarar 1973 da 1984 taurari sun zo kan lokacinsu, fari bai fasa ba.

Hukumar duba yanayi ta Nijeriya, NiMet, wadda aka kafa a 2003, ta kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, har da lokacin da ta ke zaton ruwa zai ɗauke. Wannan na tsara shuka ne. Wanda zai yi cirar gyaɗa ko shanya, hasashen kwana uku ya fi masa amfani, don shi ya fi faɗuwa daidai. In an ce akwai hadari, a dakata da cira. Gyaɗar da ruwa ya doka a shanya ta kan yi fumfuna mai dafi, wadda ke cutar da hanta.

Sanyi ba ya shigowa nan take. Bayan ɗaukewar ruwa a kan yi 'yan makonni na zafi, sa'an nan a Nuwamba hazo ya bayyana, leɓe ya fara tsagewa. Ƙurar nan mafi yawanta daga kwarin Bodele ta ke a ƙasar Cadi. A Ingila da Amurka a wannan lokaci ƙanƙara su ke jira, a nan sai dai jaura. Daren da sama ta washe, iska ta kwanta, shi ne ya fi sanyi, a fadama kuma ya fi tsanani. Tumatir da albasa da alkama suna son haka, masarar rani kuwa sai ta tsaya cik. Mai alkama ya yi ƙoƙari ya shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, don ta yi ido kafin zafin Maris. Mai 'yan tsaki ya toshe akurki ta wajen gabas, a kuma share ciyawa kewaye da rumbu tun iska ba ta taso ba, saboda gobara.